Tambaya da Amsa: Hoton Dorina Idan Haske Ya Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata yawancinsu a kan dorina suke, kuma kusan kuka ɗaya ake yi: an je bakin ruwa, an ga dabba da ido ƙuru-ƙuru, an dawo gida hoto ya ƙi. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na je madatsar ruwa ta Dadin Kowa da kyamarata da lensi mai 70 zuwa 300mm. Dorinai sun fito, amma a hotunan sai suka zama kamar baƙaƙen duwatsu, ko ido ba a gani. Da na jawo hoton kusa kuma sai bayan dabbar ya yi fari fat kamar an zuba mata gari. Kyamarar ce ta lalace? — Mai karatu daga Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Ma'aunin hasken da ke cikinta ne aka ruɗa, kuma dorina na cikin dabbobin da suka fi ruɗa shi.

Ma'aunin nan an gina shi ne a kan zato ɗaya: duk abin da aka nuna masa, idan aka gauraya haskensa da duhunsa, zai tashi ruwan toka matsakaici. A fili mai ciyawa da itatuwa zaton yakan yi daidai. A kan ruwa kuwa ba ya yi. Lokacin da ka tsaya daga nesa, ruwa mai ƙyalli ne ya cika hoton, dorina 'yar ƙarama a tsakiya. Kyamara ta ga haske ya yi yawa, ta rage, ruwan ya fito daidai, dabbar da dama can baƙa ce ta ƙara nutsewa cikin duhu. Da ka jawo ta kusa sai lissafi ya juya: baƙar fata ta cika hoton, kyamara ta ga duhu, ta ƙara haske. To fatar dorina idan ta fito daga ruwa jiƙaƙƙiya ce, tana mayar da hasken sama kamar madubi, sai wannan ƙyalli na gadon baya da saman kai ya ƙone. Wurin da ya ƙone ya zama fari zalla babu abin da za a iya dawo da shi, ko da wace manhaja.

Gyaran yana wajen maɓallin ƙari da ragi, wanda ke da alamar +/- a jikin kyamara. Idan ruwa mai haske ya fi rabin hoton, ka ƙara +2/3 zuwa +1. Idan dabbar ce ta cika hoton, ko bayanta gaɓar kogi ce mai duhun itatuwa, ka rage -1/3 zuwa -1. Waɗannan mafari ne kawai. Ka ɗauki hoto ɗaya na gwaji, ka duba histogiram, wato jadawalin nan mai kama da tudu da kwari. Idan tudun ya je ya jingina da bangon dama, haske ya ƙone, ka rage. Kada ka amince da hasken allon kyamara a rana, domin ido yana yaudaruwa. Ka kuma kunna gargaɗin ƙonewa, wanda ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo. 'Yan ɗigon ƙyalli a kan ruwa idan sun yi walƙiya ba komai. Abin tsoro shi ne ta bayyana a goshin dabbar ko a cikin bakinta.

Mu a wajenmu, idan dole sai an yi kuskure, gara hoto ya ɗan yi duhu da ya ƙone. Amma wannan shawara tana aiki ne idan kana ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ke ajiye duk bayanan da kyamara ta ɗauka. Fayil ɗin RAW zai ba ka damar ɗaga duhun fatar da mataki ɗaya ko biyu (ƙarin mataki ɗaya na nufin ninka haske sau biyu) a kwamfuta ba tare da ya lalace sosai ba. JPEG idan ka matsa masa haka sai launi ya farfashe.

Tambaya: Zan je Uganda aiki, kuma ina so in shiga jirgin yawon da ke bin mashigin Kazinga. An ce gajimare can ba ya zama, yanzu rana yanzu inuwa. Wani ya ce in sa komai a M (tsarin da mai ɗauka ke zaɓar komai da hannunsa) in kulle, wani ya ce in bar ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) ya riƙa canza kansa. Wanne zan bi? — Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa: Hajiya, dukansu biyu suna da gaskiya, sai dai kowace gaskiya da ranarta. Tambayar da za ki yi wa kanki a cikin jirgin ita ce: hasken ne ke canzawa, ko kuwa bayan dabbar ne ke canzawa?

Idan sama tarwai take, rana tana faɗa wa dorina iri ɗaya, amma jirgi yana tafiya, bayanta yana sauyawa daga farin ruwa zuwa koren ciyawa zuwa baƙar gaɓa, to ki kulle komai a M. Hasken da ke jikin dabbar bai canza ba, saboda haka babu dalilin barin kyamara ta yi ta sauya lissafi. A rana sosai ki fara da saurin ƙiftawa 1/1000 na sakan, ƙofar haske f/8, ISO 250 ko 320, ki gwada, ki gyara, ki bar shi.

Idan kuwa gajimare ne ke wucewa, kullewa za ta cuce ki. Siririn gajimare yana cin mataki ɗaya na haske, mai kauri yana cin biyu zuwa uku, kuma mataki uku na nufin hasken ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Hannu ba zai iya bin wannan ba alhali ido yana kan dabba. A nan ki tsaya a M ɗin, ki zaɓi saurin ƙiftawa da ƙofar haske da kanki, ki saki ISO kaɗai ya yi ta hawa da sauka. Ki sa masa iyaka, 6400 a kyamarorin zamani masu babbar sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara), 3200 a ƙananan ko tsofaffi. Maɓallin +/- yana nan yana aiki a yawancin kyamarori ko a wannan tsari, sai dai a wasu an ɓoye shi, ki nemo inda yake tun kina gida.

Kazinga mashigi ne mai tsawon kusan kilomita 32 da ya haɗa tafkin Edward da tafkin George a gandun dajin Queen Elizabeth, kuma dorinai a cikinsa ba sai an nema ba. Abin da zai fi ba ki wahala shi ne jirgin kansa. Kada ki kafa mai ƙafa uku a kan dakalinsa, kada kuma ki jingina lensi da ƙarfen gefe, domin karkarwar inji za ta bi ta shiga hoton. Ki riƙe a hannu, ki manne gwiwar hannu a jiki, kada saurin ya sauka ƙasa da 1/1000 muddin inji na aiki. Idan jirgin mai hawa biyu ne ki zauna a ƙasa. Daga sama gadon baya kawai za ki samu, daga ƙasa kuwa kina kusa da layin idonta. Kafin ki zauna ki duba inda rana take, ki tambayi matuƙi wace gaɓa zai fara bi, ki zaɓi gefen da rana za ta kasance a bayanki.

Tambaya: Burina in samu dorina ta wangale baki. Sau biyu ina samu dab da magariba, duka biyun hoton ya yi dishi-dishi. Me nake yi ba daidai ba? — Wani ɗalibi daga Yola

Amsa: Ɗan'uwa, ka zo a lokacin da ya dace, domin daga bayan la'asar zuwa faɗuwar rana ne garke yake motsi, ana gurnani, ana ture-ture, ana shirin fita kiwo. Matsalar ita ce lokacin da dabbar ta fi motsi shi ne lokacin da haske ke guduwa. Kuma a ƙasashenmu da ke kusa da tsakiyar duniya rana ba ta jan ƙafa, kusan a miƙe take faɗawa. Jan hasken nan mai kyau bai fi na rabin awa zuwa minti 40 ba, bayan ta faɗi kuma abin da ya rage maka bai wuce minti 20 da 'yan kai ba, yana raguwa kana kallo.

Dishi-dishi iri biyu ne, ka buɗe hoton a kwamfuta ka tantance. Idan komai ya jirkice, har da ciyawar gaɓa, hannunka ne ya motsa. Idan ciyawa ta fito tsaf amma kan dabbar ya goge, saurin ƙiftawa ne ya yi ƙasa. Muna kyautata zaton kana kan A ko Av ne, inda kyamara ke rage saurin da kanta idan duhu ya fara, har ta kai ka 1/60 ba ka sani ba.

Wangale baki yana da sassa. Tana ɗaga kai da sauri, ta buɗe har kusan digiri 150, ta ɗan tsaya a ƙololuwa, sannan ta rufe. Don ɗagawar kana buƙatar 1/1000. Idan maza biyu ne suke karo da haƙora ruwa na fantsama, 1/1600 zuwa 1/2000. Amma 'yar tsayawar nan ta ƙololuwa 1/500 yana kama ta, wani lokaci har 1/320 idan lensin yana da abin hana rawa. Saboda haka idan haske ya fara ƙarewa ga tsarin da za ka bi wajen sadaukarwa. Fara buɗe ƙofar haske har ƙarshenta, f/5.6 ko f/6.3. Sannan ka bar ISO ya hau. A f/5.6 da 1/500, dab da faɗuwar rana za ka ga ISO wajen 400 zuwa 800, jim kaɗan bayan faɗuwarta ya kai 1600, sannan 3200, sannan 6400. Sai ya kai iyaka tukuna za ka taɓa saurin ƙiftawa. Mutane da yawa suna tsoron yashi-yashin da babban ISO ke kawowa, har su gwammace su rage sauri. Wannan kuskure ne babba. Yashi ana wanke shi da manhaja, kuma manhajojin yanzu sun ƙware a kai. Hoton da ya goge kuwa ya tafi ke nan.

Sai maganar saiti, wato zaɓen wurin da lensi zai fito da shi tsaf. Ka sa kyamara a saiti mai bin motsi, AF-C a Nikon da Sony, Servo a Canon, da ɗigo ɗaya ko ƙaramin rukuni, ka ɗora a kan ido. Idan ka bar mata ta zaɓa da kanta, za ta kama igiyar ruwan da ke gaba ko hancin da ya fi kusa. Fasahar gane idon dabba ma takan rikice idan kunnuwa da idanu da hanci kaɗai ke waje. Da lensi 600mm a f/6.3, dabba na nesan mita 30, zurfin abin da zai fito tsaf bai kai mita ɗaya ba, don haka idan saiti ya sauka a leɓe, ido zai yi laushi.

Kada kuma ka cika hoton da kan dabbar tun kafin ta buɗe. Ka bar fili a sama kamar tsawon kan sau ɗaya da rabi, in ba haka ba leɓen sama zai fita daga hoton. Cikin bakin ja ne mai haske, haƙoran kuma farare, sun fi fatar saurin ƙonewa, don haka ka rage -1/3 ko -2/3 tun kana jira. Ka zaɓi dabba ɗaya ka tsare ta, maimakon yawo da lensi a kan garke duka. Da ka ga ta ɗaga haɓa, ka danna ka riƙe, a ɗauka a jere.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani: wannan buɗe baki ba hammar barci ba ce kawai. Sau da yawa nuna makami ne, musamman daga namijin da ke riƙe da wannan yanki na ruwa. Idan kai take fuskanta tana yi tana maimaitawa, ka yi kusa da yawa, ka ja baya.

Tambaya: Mu 'yan zango ne daga Kumasi, muna shirin zuwa Wechiau. Tafiyar da nisa, ƙila sai hantsi ya ɗaga ko azahar za mu shiga kwalekwale. Akwai dabarar tsakar rana? An ce in sayi filtar CPL. — Mai karatu daga Ghana

Amsa: Malam, in da hali ku kwana a can ku shiga ruwa da sanyin safiya. Wechiau wuri ne da al'ummar yankin suka keɓe da kansu tun ƙarshen shekarun 1990 a gaɓar kogin Black Volta, kuma da rani, lokacin da ruwa ya ja, aka fi ganin dabbobin. Da safe rana tana shigowa ta gefe, tana haska ido, tana fito da tsagogi da tabon faɗa da ke jikin fata. Da tsakar rana kuwa daga sama take dukan gadon baya, ido ya faɗa cikin inuwa, dorinai kuma sun lafe, ba abin da ke waje sai hanci da kunne.

Idan ba makawa, filtar, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban lensi, za ta taimaka. Aikinta kashe ƙyallin ruwa da na jiƙaƙƙiyar fata, sai ainihin launin ya fito, ruwan toka mai duhu a sama, ja-ja a gefen ido da kunne da ƙasan wuya. Ana juya ta ne a hankali ana kallo har ƙyallin ya mutu, kuma ta fi ci idan rana tana gefenka, ba gabanka ko bayanka ba. Kuɗinta shi ne tana cin haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, wato 1/1000 ya koma wajen 1/320 in ba ka ɗaga ISO ba. Da rana tsaka wannan ba matsala ba ne. Da yamma ko cikin hadari ka cire ta ka sa a aljihu. Kada kuma ka kashe ƙyallin gaba ɗaya, domin dorinar da ba ta sheƙi ko kaɗan sai ta zama kamar ta roba.

Akwai abin da filta ba ta magani: rawar iska mai zafi. Idan rana ta gasa yashi da duwatsun gaɓa, iskar da ke tashi tana lanƙwasa haske, sai hoton nesa ya yi laushi ko da saiti ya zauna daidai. Babban lensi ƙara fito da ita yake yi. Idan ka ga gaɓar can tana rawa a cikin kyamara, ka bar na nesa, ka nemi abin da tsakar rana ke bayarwa: carki yana sassaƙar bayanta, balbela ta sauka a kanta, ko jan ruwan nan da fatarta ke fitarwa idan ta bushe a tudu. Mutane suna cewa gumin jini ne, alhali ba jini ba ne ba kuma gumi ba, wani maiƙo ne da ke kare ta daga rana da ƙwayoyin cuta. Gajimare idan ya rufe rana a irin wannan lokaci alheri ne, domin inuwa ta yi laushi, fatar ta fito dalla-dalla. Sai dai ka cire farar samaniya daga hoton, ka cika shi da ruwa da gaɓa.

Tambaya: Hotunan da na ɗauka a kogin Binuwai cikin watan Janairu duk sun yi fari-fari kamar an lulluɓe su da mayafi. — Mai karatu daga Garwa, Kamaru

Amsa: Hazon hunturu ne. Ƙurar da ke tsakaninka da dabba tana watsa haske, kuma yawanta yana ƙaruwa da nisa. Ka sa hular lensi kullum, kada ka fuskanci rana, ka ɗauka a RAW, a kwamfuta ka ja baƙin hoton ƙasa ka ƙara abin kore hazo kaɗan-kaɗan, domin idan ya yi yawa ruwa yakan koma wani shuɗi mai datti. Launi ma kada ka bar wa kyamara. A AWB, inda take daidaita launi da kanta, takan ga jan hasken safiya ta ɗauka kuskure ne ta wanke shi. Ka kulle ma'aunin launin haske a 5200K zuwa 5500K, idan hadari ne 6000K. Hazo yana da nasa amfani: yana tausasa rana har ta zama jan faifai tun kafin ta faɗi. Ka sa dorina tsakaninka da ita, ka rage -1 zuwa -1 2/3, ka jira lokacin da ta ɓullo ta fesar da ruwa ta hanci, feshin zai kama wuta. Amma kada ka kalli rana ta cikin babban lensi a kyamara mai madubi, tana iya lahanta ido. Kada kuma ka canza lensi a fili cikin wannan ƙura, ɗigonta zai bayyana a kan ruwa da sama da zarar ka kai f/11.

Tambaya: Ni waya kawai gare ni. Idan mai kwalekwale ya matsa da ni kusa sosai, ai zan samu hoto mai kyau ko? — Wani matashi daga Yamai

Amsa: Ƙanenmu, a'a. Muna roƙonka kada ka nemi haka, kada kuma ka ƙara wa mai kwalekwale kuɗi don ya yi. Namijin dorina yakan kai kilo 1,500, manyan ciki sun ninka haka. Tana iya yin kusan minti 5 a ƙarƙashin ruwa tana tafiya a ƙasan kogi, saboda haka inda ta nutse ba nan za ta ɓullo ba. A tudu tana gudun kusan kilomita 30 a awa, ta fi mutum. A watan Nuwamba na 2014 dorina ta kifar da kwalekwale a Libore, kusa da garinku, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara 'yan makaranta. Uwa mai ɗa ta fi kowacce haɗari. Idan kana tudu kada ka taɓa tsayawa tsakaninta da ruwa, ko a kan turbar da take bi, musamman da asuba lokacin da take dawowa daga kiwo. Abin da masunta da sarkin ruwa na wurin suka faɗa maka game da garken, shi za ka bi.

Ga lissafin nisa don ka ga dalilin da ya sa ake sayen dogon lensi. A mita 50, lensi 400mm a kyamara mai cikakkiyar sensa yana ɗaukar faɗin mita 4 da rabi, wato dorina guda cif. Babbar kyamarar waya a wannan nisa tana ɗaukar kusan mita 70. Ba za ka cike wannan tazara da matsawa ba. Ka ɗauki hoton da waya ta iya: kogi, garke, gaɓa da sararin yamma a tare. Ka yi amfani da lensin 3x ko 5x idan wayar tana da shi, kada ka ja da yatsa ya wuce nan, domin daga nan yanka hoton kawai take yi. Ka danna yatsa a kan dabbar ka riƙe har saiti da haske su kulle, sannan ka ja alamar rana ƙasa kaɗan don ruwa kada ya ƙone. Bidiyo ma yakan fi hoto kyau a waya, saboda gurnanin da motsin kunnuwa suna shiga.

Tambaya: Zan iya haska ta da filasha ko babbar tocila da dare idan ta fito kiwo? — Mai karatu daga Yawuri

Amsa: Kada ka yi, Malam. Dorinar da ke tudu cikin dare a tsorace take, idan aka dalle mata ido za ta ruga neman ruwa ta bi ta kan duk abin da ke gabanta, kuma a yankinku gonakin shinkafa da mutane ne a hanyar. Filashar kan kyamara ma ba ta kai nisan da ya kamata ka tsaya, abin da za ka samu idanu biyu ne masu ƙyalli cikin baƙi. A gandun daji irin South Luangwa na Zambiya ana fita yawon dare a mota da jagora mai lasisi, shi ke riƙe fitila, yana haska gefen jiki ba fuska ba. A irin wannan fita ka sa M, ƙofar haske a buɗe duka, 1/160 zuwa 1/250, ISO 3200 zuwa 6400, ka auna haske a kan wurin da fitilar ta faɗa kaɗai. Ka cika ƙaramin buhu da wake ko shinkafa kilo 2, ka ɗora a ƙofar mota, ka kwantar da lensin a kai, sannan ka roƙi direba ya kashe inji kafin ka danna.